Tsawar da ta ɗauke ƙanena da kyamarar da ta mayar da ni gaban hadari

Mutanen da suka san ni a yau sun san ni ne a matsayin mai ɗaukar hoton hadari da walƙiya, kuma da yawansu suna zaton zuciyata ba ta san tsoro ba, tun da suna ganin hotunan baƙaƙen gizagizai da nake fitarwa. Gaskiyar magana ita ce na shafe mafi yawan rayuwata ina ɓuya daga abin da nake ɗaukar hotonsa yanzu. Ina rubuta wannan labari ne domin wanda wani tsoro ya ɗaure shi shekara da shekaru yana jin kunyar faɗa, da kuma domin wani ilimi ɗan ƙanƙani da rashinsa ya yi wa gidanmu babbar asara.

Ina ɗan shekara 11, ƙanena kuma yana da 8, lokacin da hadari ya riske mu a fili da yamma, muna kan hanyar komawa gida daga aiken da Inna ta yi mana. Iska mai sanyi ce ta fara isowa da ƙura, sannan manyan ɗigon ruwa suka biyo baya, sai muka ruga ƙarƙashin wata babbar bishiya da take tsaye ita kaɗai a wurin. Shi ya jingina da gindinta yana dariya, domin yaro ne mai son ruwan sama, ni kuwa na koma baya 'yan taku don in ɗauko takalminsa da ya suɓuce a wajen gudu. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa ita ce, "Yaya, yi sauri." Ban ji ƙarar tsawar ba ko kaɗan. Abin da na sani shi ne duniya ta yi fari fat, sannan na tsinci kaina a ƙasa cikin ruwa, ƙafafuna sun ƙi motsi, kunnena na hagu yana wani irin ƙugi, ga warin ƙuna ya cika mini hanci.

Ƙanena yana kwance a gindin bishiyar, babu jini a jikinsa, babu wani rauni da ido zai gani daga nesa. Mutane suka taru, manya da yara, suka kewaye shi suna salati, amma kowa ya tsaya daga baya-baya. Na ji ana cewa kada wanda ya taɓa shi, wutar tana nan a jikinsa, duk wanda ya kai hannu za ta kama shi. Ina kallonsu daga inda nake kwance, ina so in ja jiki in je wurinsa, ƙafafuna sun ƙi ba ni haɗin kai. Haka aka bar shi har Baba ya iso ya ratsa taron ya ɗauke shi, a lokacin kuwa rai ya riga ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ƙafafuna sun sake kafin gari ya waye, kunnen hagu kuwa bai taɓa komawa yadda yake ba har yau. Amma babban raunin ba a jiki yake ba. Tun daga wannan daminar, da zarar na hango gari ya yi duhu a gefe guda sai cikina ya murɗa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Idan cida ta fara daga nesa, nakan shige lungun da ya fi ko'ina nisa daga taga, in toshe kunnuwa, in yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina har ruwa ya ɗauke. A gidanmu ba a zancen ranar. Inna takan tashi ta rufe ƙofa idan hadari ya haɗo, ta zauna ta yi shiru, Baba kuma ya sami wani aiki ya duƙufa a kai. Na ɗauka cewa shirun nan nasu hukunci ne a kaina, domin ni ne babba, ni aka damƙa wa shi, kuma ni na rayu.

Na girma da wannan nauyi, na yi karatu, na sami aiki, na yi aure, ina ɓoye abin da dabaru iri-iri. Nakan ƙi tafiya a lokacin damina da hujjar aiki, nakan ce kaina ke ciwo idan gari ya yi lumshi, nakan bar taro tun ba a tashi ba. Matata ta gane tun a shekararmu ta farko, ta kuma rufa mini asiri ba tare da ta tambaye ni dalili ba. Abin da ya karya wannan zama shi ne 'yata ta fari. Wani dare hadari ya taso, na shige ɗakin ciki kamar yadda na saba, sai na tarar da ita ta riga ni, ta takure a lungu ta toshe kunnuwa da yatsunta, jikinta yana karkarwa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin abin da na gani ba, ba wanda ya taɓa ba ta labari, ta koyi tsoron daga kallona kawai. A daren na yanke shawarar cewa ba zan bar mata wannan gado ba, ko da kuwa zan sha wuya wajen raba kaina da shi.

Likitan da na je wurinsa, masani a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya gaya mini cewa abin da nake fama da shi sananne ne ga waɗanda suka tsira daga mummunan al'amari, kuma gudun abin tsoro shi ne yake ciyar da tsoron. Ya ce hanyar ita ce in riƙa kusantar abin kaɗan-kaɗan, daga wurin da na tabbata babu abin da zai same ni, in kuma ba hannuna da idona wani aiki a lokacin. Shi ya kawo shawarar in riƙa ɗaukar hoton sararin sama ta taga da wayata, tun hadarin yana can nesa, in rubuta abin da na gani a ƙasan kowane hoto. Na karɓi shawarar ne don ba ni da wata, ba don na yi imani za ta yi amfani ba.

Hotunan farko duk a karkace suke saboda rawar hannu. Amma wani abu ya fara faruwa wanda ban yi tsammani ba. Idan mutum yana son ya rubuta abin da ya gani, dole ya duba da kyau, ni kuwa ban taɓa duban hadari ba tun ina yaro, gudunsa kawai nake yi. Da na fara duba sai na ga ashe ba wani baƙin abu ne guda da yake faɗowa kwatsam ba. Yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe. Fararen gizagizai masu tsibi-tsibi suna tasowa tun da hantsi idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta ɗaga sama ta huce. Wasu su watse, ɗaya ko biyu kuma su yi ta tsawo har kansu ya kai inda iska ba ta ƙara hawa, sai ya baje gefe ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Wannan shi ne girgijen da masana suke kira kumulonimbus, wanda a wurare masu zafi kansa kan haura kilomita 15 daga ƙasa. Na karanta cewa wani mai haɗa magunguna a Landan, Luke Howard, shi ya tsara wa gizagizai sunayen da ake amfani da su har yau a wata lacca da ya gabatar a 1802, kuma yanzu an kasa su manyan jinsi 10. Sanin cewa wani ya taɓa zama ya yi wa wannan abu suna da tsari ya kwantar mini da hankali ta hanyar da ba zan iya cikakken bayaninta ba.

Daga nan karatu ya kama ni. Na fahimci cewa a cikin cikin girgijen ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara suna hawa suna sauka suna gogayya, wannan gogayya ce take raba ƙarfin lantarki tsakanin saman girgijen da ƙasansa, har ya taru ya kai yadda iska ba za ta iya tare shi ba. Walƙiya tana ƙona iskar da ta ratsa har zafin ya kai kusan digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyas, iskar ta faɗaɗa farat ɗaya, ƙarar wannan faɗaɗa kuwa ita ce tsawa. Haske yana isowa nan take, sauti kuma yana cin kusan sakan 3 kafin ya yi kilomita ɗaya. Wannan ɗan lissafi ya canza mini darare da yawa. Maimakon in toshe kunne, sai in zauna da 'yata muna ƙirga tsakanin haske da ƙara, mu raba da uku, mu san nisan hadarin, mu san ko yana matsowa ko yana wucewa. Ita ta fi ni saurin warkewa, domin nata tsoron aro ne.

Na sayi kyamara ta sosai da maƙali mai ƙafa uku, na fara fita waje, kuma na ɗauka cewa na haye. A daidai wannan lokaci ne karatun da ya taimake ni ya kai ni ga shafin da ya fi kowane shafi yi mini ciwo. Ina karanta bayani a kan abin da tsawa take yi wa jikin mutum, sai na tarar cewa wanda ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa ko ta sakan ɗaya, kuma babu wani haɗari a taɓa shi. Na tarar cewa cikin mutum 10 da tsawa ta sama kusan 9 suna rayuwa, waɗanda suke mutuwa kuwa galibi tsayawar zuciya da numfashi ne yake kashe su. Zuciya kan sake bugawa da kanta bayan ɗan lokaci, amma numfashi yakan daɗe bai dawo ba, idan babu wanda ya hura wa mutumin iska ya danna masa ƙirji sai zuciyar ta sake tsayawa saboda rashin iska. Har ma an ce idan tsawa ta sami mutane da yawa, a fara da wanda ya yi kama da gawa, domin shi ne ya fi buƙata kuma ana iya ceto shi. Na kuma gane cewa bishiyar da muka fake ita ta jawo wutar, ta tsallako daga gindin zuwa jikinsa, ragowar ta bi ƙasa ta shiga ƙafafuna.

Na rufe littafin, na ajiye kyamara, na yi damina guda ban taɓa ta ba. Tsoro bai dawo ba, amma abin da ya zo a madadinsa ya fi shi nauyi. Idan na rufe ido sai in ga da'irar mutanen nan, kowa yana son yaron, kowa yana kuka, babu wanda ya san cewa hannu biyu da numfashi ake buƙata. Na yi fushi da su, na yi fushi da kaina duk da na san ƙafafuna ba sa motsi a lokacin, na kuma yi fushi da ilimin da ya zo mini bayan ba shi da sauran amfani ga wanda na fi so ya amfana. Ban san ko da an taimake shi zai tashi ba, kuma na yarda cewa kwanansa ne ya ƙare, amma sanin cewa akwai abin gwadawa kuma ba a gwada ba ya hana ni barci.

A ƙarshen wannan daminar na je na zauna gaban mahaifina, wanda tsufa ya riga ya kama, na ce, "Baba, ina so mu yi maganar da ba mu taɓa yi ba." Na faɗa masa duk abin da na karanta, na kuma faɗa masa cewa tun ina yaro nake ganin laifina ne. Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Ashe kai ma kana ɗauke da shi. Ni shekarun nan tambayar kaina nake yi me ya hana ni fita nemanku tun da na ga hadarin, Innarku kuma har yau tana cewa da ba ta aike ku ba." Mu uku muna gida ɗaya, kowa ya rungumi laifin shi kaɗai yana zaton sauran biyun shi suke zargi. Inna ta shigo ta same mu, ta zauna, muka ambaci sunansa a fili a karo na farko tun bayan rasuwarsa, muka yi masa addu'a tare. Ba zan ce ciwon ya tafi a ranar ba, amma ya daina zama nawa ni kaɗai.

Kafin in sake ɗaukar kyamara sai da na je na koyi taimakon gaggawa, na iya danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, na iya hura numfashi. Bayan haka ne na koma wa hadari, wannan karon da ƙa'idojin da ba na sassauta wa kaina a kansu. Idan ina jin tsawa, to ina cikin inda za ta iya samuna, domin walƙiya tana iya fitowa daga gefen girgije ta faɗi a nisan da ya kai kilomita 15, a inda sama take garau. Don haka ina kafa kyamara a waje in koma cikin mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe, in riƙa ɗaukar hoton da na'urar latsawa daga nesa. Jikin ƙarfen ne yake kare mutum, yana zagaya da wutar ta waje zuwa ƙasa, ba tayoyin roba ba kamar yadda ake yawan faɗa. Ba na fitowa sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Ba na tsayawa a kan tudu, ko kusa da ruwa, ko kusa da shingen waya, kuma ba na ratsa hanyar da ruwa ya shafe ko da ina ganin ba shi da zurfi.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ba a iya kama walƙiya da saurin yatsa, don kafin ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ta riga ta wuce. Da dare ana buɗe idon kyamarar ne a bar shi sakan 10 zuwa 30 yana kallon duhu, an saita shi a kan abu mafi nisa, ana fatan walƙiya za ta zo ta rubuta kanta a cikin wannan ɗan tsakani. Mafi yawan hotunan baƙi ƙirin suke fitowa. Idan kuwa aka dace, sai mutum ya ga abin da ido bai isa ya gani ba: rassa siri-siri da suka yi ta lalubar hanya daga girgije zuwa ƙasa, da babbar jijiya ɗaya mai haske wadda ita ce ta tarar da ƙasa. William Jennings, wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin hotunan walƙiya na farko a birnin Filadelfiya na Amurka a 1882, ya nuna wa duniya cewa ba ta da siffar nan mai kusurwa-kusurwa da masu zane suka saba yi mata, tana karkacewa ne tana yin rassa. Nakan tuna da shi duk lokacin da na buɗe hoto na ga siffar da ban taɓa gani ba, domin babu walƙiya biyu da suke kama ɗaya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da wata guda ɗaya da ta miƙe kilomita 768 a sararin kudancin ƙasar Amurka a ranar 29 ga Afrilu, 2020, abin da yake nuna cewa wadda nake gani daga inda nake tsaye ɗan guntu ce kawai daga abin da yake gudana a cikin girgijen.

Duk da haka, hotunan da na fi so ba na walƙiya ba ne. Na fi son mintunan da suke gaban ruwa, lokacin da iska mai sanyi ta zubo daga cikin girgijen ta bi ƙasa, ta ɗaga iska mai ɗumi da ke gabanta, sai wani dogon girgije mai leɓe ya shimfiɗu a gaban hadarin daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan iskar ce ta taɓa fuskarmu ni da ƙanena, kuma yanzu na san cewa idan mutum ya ji ta a fili, lokacin neman gini ya riga ya yi. Ina kuma son bayan ruwa, idan rana ta kusa faɗuwa ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin da yake wucewa, duwatsu da filaye su yi haske mai ruwan zinariya a gaban sama mai duhu, wani lokaci ƙasan faffaɗan kan girgijen ya yi ƙulli-ƙulli yana reto. Irin wannan haske ba ya daɗewa, dole mutum ya riga ya zaɓi wurin tsayawa da abin da zai sa a gaban hoton, dutse ne ko kwari ko hanya, domin girgije shi kaɗai ba ya nuna girmansa sai an ga wani abu na ƙasa a kusa da shi.

Ba na jin daɗin yadda wasu masu wannan sana'a suke gasar kusantar hadari don a yaba musu, suna yaɗa hotunan da za su sa matasa su kwaikwaye su. Tim Samaras injiniya ne da ya shafe shekaru yana binciken guguwa, an kuma san shi da taka-tsantsan, amma guguwar garin El Reno na jihar Oklahoma a Amurka, wadda faɗinta ya kai kilomita 4.2, ta hallaka shi tare da ɗansa da abokin aikinsa a ranar 31 ga Mayu, 2013, bayan ta faɗaɗa ta kuma canza hanya cikin ɗan lokaci. Idan haka ta sami mai ilimi da kayan aiki irin nasa, ban ga abin da zai sa mai waya a hannu ya tsaya a fili yana jiran hoto ba. Hoton da aka ɗauka daga nesa ma ya fi nuna surar hadarin gaba ɗaya, wanda ya shige ƙarƙashinsa kuwa ruwa da duhu kawai zai samu.

Yau idan aka gayyace ni in nuna hotuna, nakan fara da hotunan domin su ne suke tara mutane, sannan in roƙi wani ya kwanta a ƙasa in nuna yadda ake danna ƙirji, in kuma faɗa da babbar murya cewa wanda tsawa ta sama ana taɓa shi nan take. Sau da yawa wani dattijo ko wata uwa sukan tsaya bayan an watse su ba ni labarin nasu mamacin, kuma kusan kullum akwai bishiya ko fili a cikin labarin. Gabana yana faɗuwa har yanzu idan tsawa ta fashe kusa, kunnen hagu yana ƙugi idan an yi sanyi, kuma ina komawa wurin likita lokaci-lokaci idan barci ya fara gagara. 'Yata ta girma, ita ce take duba mini taswirar na'urar hangen ruwa a waya ta gaya mini inda hadari ya nufa kafin in fita. Abin da nake koyo yanzu shi ne ɗaukar walƙiya da rana tsaka, wanda ya fi na dare wuya domin ba a iya barin idon kyamara a buɗe cikin haske. Na sayi 'yar na'urar da take jin hasken walƙiya ta latsa kyamara da kanta, ina kuma kan gwada ta, ko da yake hoton da nake nema bai samu ba tukuna.